Lissafin Takalma

A hawa na uku, unguwar Lindenau,
bango ɗaya ya raba ni da gidan Petzold,
bangon da ko atishawa ba ya iya riƙewa.
Daren Asabar ƙararrawarsu ta yi kuka sau shida.
Na kafa ido a ɗan gilashin ƙofa,
na ƙirga takalman da aka tuɓe a waje:
na mutum goma sha ɗaya,
har da wani ja, na yarinya, ƙafa guda a kife.
Takardar da ke manne a gindin matakala
biyar ta ce.

Ranar da aka sa Gottfried a ƙasa mu bakwai ne,
tsakanin kowa da kowa taku biyu,
ƙanwarsa na kuka cikin takunkumi,
ba mai ikon dafa mata kafaɗa.
Sati uku ya yi a asibiti ban ga fuskarsa ba.
Wata nas ta kara masa waya a kunne,
na yi ta zuba,
injin numfashi ne ke amsa mini.

Ga shi yau ta cikin bango ana tafi,
ana jan kujeru, cokali na dukan kofi.

Na ɗauki waya. Na ajiye.
Na dafa shayi, ya huce a gabana.
Mahaifina ya faɗo mini a rai,
shekarar da aka buɗe takardun tsohuwar gwamnati,
ya sa kwat ɗinsa na coci ya tafi karanta nasa.
Shafi ɗari biyu,
duk daga bakin mutumin da ke aron tsaninmu.
Da ya dawo bai ci abinci ba.
"Waltraud," ya ce, "baki shi ke yanka wuya,
kuma ba ya ma ɗaga murya."

To amma, Baba, wancan zance aka kai,
wannan numfashi ne.
An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta
ka shafa wa naka ruwa;
ba a faɗi laifin wanda ya kira 'yan kwana-kwana ba.
Haka na gaya wa kofin shayi.
Sannan na danna lambar.

Matar da ta amsa ta nemi sunana.
Na ce, dole ne?
Ta ce, ba dole.

'Yan sanda biyu, yara, sa'o'in jikana.
Ƙwanƙwasa uku, kiɗa ya mutu.
Na tsaya a duhu da safa kawai
ina jin takalman na sauka ɗaya-ɗaya,
jan nan ne na ƙarshe,
tana tambayar uwarta ko gidan yari za a kai Kaka.

Na samu shirun da na nema.
Ban san haka yake da nauyi ba.

Litinin da safe, a hannun ƙofata,
jakar burodi, kamar kowace Litinin
tun da Henrike ta hana ni fita kanti.
A ciki har da yankan kek a naɗe,
da 'yar takarda:
"Baba ya cika tamanin. A gafarce mu da hayaniya."

Ta sani? Ba ta sani ba?
Na juya takardar, bayanta fari fat.
Kek ɗin na firji, ban ci ba, ban zubar ba.

Yau kwana tara.
Gadon tsohon na jikin bangon ɗakina.
Cikin dare na farka, na tsinci kaina
kunne manne da siminti mai sanyi,
ina sauraro.
Ina roƙon kada ya yi tari.
Can ƙasan roƙon kuma, inda ba na son dubawa,
akwai wata ni da ke jiran tarin
don ya wanke ta.